Farin Fenti a Hanyar Kogonmu

Lallen ƙafata bai gama fita ba ranar da surukata ta ce in ɗauko igiya mu tafi itace. Na yi mamaki, don ga itace nan jibge a bayan madafa, amma amarya ba ta tambaya. Muka fita ta bayan gari, muka nufi dutsen da ke yamma da ƙauyenmu, a ƙasar Zurmi, ba nisa da Dauran. Ba wani babban dutse ba ne. In kana tsakar gida kana iya hango akuya a kansa har ka gane ta wane gida ce.

Da muka isa gindinsa sai Inna, haka kowa ke kiran surukata, ta tuɓe takalmanta ta ɗaure a haɓar zane, ta ce ni ma in yi haka.

"Daga nan ba a taka ƙasa," ta ce. "Bisa dutse kawai. Ƙasa tana da baki, duk wanda ya taka ta sai ta faɗi."

Muka yi ta tsallake daga wannan dutse zuwa wancan kamar awaki, tana gaba ina baya, har muka tsaya a gaban wata sarƙaƙiya. Ban taɓa ganin irinta ba. Ta fi ɗaki tsawo, ta sarƙe da geza da wasu itatuwa, ƙayarta kuma mai ƙugiya ce, in ta kama zane sai ta tafi da yanki. Ina tsaye ina kallo sai na ga tsohuwar nan ta kwanta rub da ciki ta shige ƙarƙashi kamar damo. Daga ciki na ji muryarta.

"Ke ɗiyar ga, tsaye za ki wuni? Kwanta, ki sunne kai, ki biyo ƙafata."

Na bi. Ƙaya ta cire mini ɗankwali, ta karce mini kafaɗa. Da na ɗaga kai sai ga ni cikin tsagin dutse, faɗinsa kamar an haɗe ɗaki biyu, ga sanyi, ga warin jemage. Haske na saukowa ta wata 'yar kafa can sama. A lungu akwai tulu biyu an rufe su da faifai, da tabarmi a naɗe, da wata tsohuwar ƙwarya da ɗan gari a ciki.

Inna ta zaunar da ni ta gaya mini dokokin wurin. Ba a saran sarƙaƙiyar nan ko da itace ya ƙare a duniya. Yara ana ce musu gidan iskoki ne, don kada su mai da shi filin wasa. In za ki shiga da jariri, ki juyo da goyon ƙirji, ki yi rarrafe da gwiwar hannu, bayanki ya sha ƙayar. Maza ba su zuwa. In aka ce ga su nan, maza su kora dabbobi su yi gabas, mata da yara su yo nan. Ba a nuna wa namiji hanyar, don in an kama shi aka sa masa duka, abin da bai sani ba ba zai faɗa ba. Ta ce ita ma uwar mijinta ce ta nuna mata, a lokacin ba abin da ake gudu, ana dai nunawa ne don kada a manta.

"Mu kam, nuna muna kawai anka yi," ta ce. "Ban san sanyin wurin ga ba sai da tsufa ya zo. Ku kam da ƙuruciyarku za ku san shi."

Haka kuwa aka yi. Na shiga kogon nan da cikin fari, ina jan jiki a gefe ɗaya. Na shiga da goyo. Ba sai na gaya wa kowa abin da muke gudu ba. Duk wanda ya zauna tsakanin Zurmi da Shinkafi ya san ƙarar baburan ɓarayin daji, ya san ta bambanta da ta 'yan kasuwa. Wani zai bugo waya daga gona, ko mace ta yi ihu daga rijiya, sai ka ga gari ya watse. Tuwo a kan wuta a bar shi ya ƙone. A cikin kogon muna zaune gwiwa da gwiwa, kowace ta toshe bakin ɗanta da nono, har waɗanda aka yaye. Muna jin harbi daga gari kamar wuta ta kama karan dawa. Amma ni a duk duniya nan ne kaɗai ƙirjina ke sauka. A gida ko kaza ta yi motsi sai na ɗaga kai. A kogo kuwa, a kan dutse mai sanyi, na taɓa yin gyangyaɗi har sai da Inna ta zungure ni.

Wani gudu da muka yi, 'yar farina ta iya tafiya, ƙaninta kuma jariri ne. Ba zan iya rufe su biyu da jikina ba. Na tura ta gaba na ce ta sunne kai. Ta ɗaga don ta ga ko ina biye, ƙaya ta kama kumatunta daga ƙarƙashin ido har kusa da kunne. Ba ta yi kuka ba. Yarinyar da ko ruwa ba ta iya faɗa daidai ba, ta riga ta san ba a kuka a wurin nan. Ya warke ya bar tabo siriri.

Bayan wannan ne aka ce an yi sulhu. Ban san wa ya yi da wa ba. Mun dai ga hanyar Kaura Namoda ta buɗe, motoci na zuwa ranar kasuwa, an yi girbi ba a kori kowa daga gona ba. A cikin wannan sararin ne autan Inna, ƙanin maigidana, ya zo hutu. Yana karatu a babbar makaranta a Kaura. Ni da shi akwai wasa tun ranar da aka kawo ni, shi ne ya ɓoye mini takalmi ranar buɗar kai ya bar ni ina nema da kuka. Ya shigo da kambas mai ƙaton gindi, da jaka a baya, da gorar ruwa a rataye.

"Uwargidana, ba ki tarbar miji?"

"Wane miji? Ni dai mai goyo na gani. Ɗan wa ka goyo muna daga Kaura?"

"Kayan hawan dutse ne. Ke ba ki waye ba."

"Hawan dutse? Akuyar wa ta ɓace?"

Ya yi dariya har ya zauna a kan turmi, Inna ta ce ya tashi ba a zama nan. Sai ya ba mu labari. Wai sun kafa ƙungiya, ɗalibai da 'yan ma'aikata, har da mata. Duk ƙarshen wata su zaɓi dutse su hau, don motsa jini da ganin ikon Allah. In sun sauko kuma su yi wa mutanen wurin aikin gayya, su tsince leda, su share hanyar rijiya, su dasa itace. Ya ciro waya yana karanta mana labaransu, don duk fita sai an rubuta. Sun je wani dutse ta wajen Ɗan Isa sun gyara mashayar dabbobi. Sun kai wa wata makaranta tsintsiya da alli. Wani cikinsu ya zame ya yage wando, shi ma sai da aka rubuta. Na ga hotonsu a saman dutse sun ɗaga hannuwa suna dariya. Na daɗe ina kallon hoton nan. Mutane sun hau dutse ba wanda ya koro su. Ni ban san ana yi ba.

Yana cikin nunawa 'yar farina ta zo ta jingina da gwiwarsa. Ya kama haɓarta ya juya fuskar wajen haske.

"Mi ya samu ɗiyata?"

Yarinyar ce ta amsa, ta ce, "Ƙaya ce, Baba Ƙarami. Ta gidan iskoki."

Shi ya san wurin, don lokacin da abin nan ya fara yana yaro, Inna ta sha jan shi ciki kafin ya isa bin maza. Ya shafa tabon da babban yatsa ya ce, "Saura kaɗan da ido." Daga nan ya koma wasa, ya ce miyata ba gishiri, wai baƙin ciki nake ya dawo. Ban ɗauka maganar ta zauna masa ba.

Da zai koma ya ce fita ta gaba dutsenmu za su hau. Mai gari ya yarda, maza suka yi murna, an daɗe baƙon da ba a gudu bai shigo garin ba. Wata Asabar da hantsi suka iso, a mota ɗaya da 'yan babura. Wallahi ƙarar baburan sai da ta sa na suri yaro na nufi ƙofar baya kafin in tuna. Suna sanye da riga iri ɗaya, koriya, shugabansu da usur a wuya. A cikinsu akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista, 'yar kudu, tana aiki a Kaura. Hausarta a karye take amma ba ta jin kunyar yi. Ita ba ta hau ba, ta ce gwiwarta na ciwo. Ta zauna da mu a tsakar gida tana duba yara, tana buɗe musu ido, tana ba su maganin tsutsar ciki. Ta ga tabon yarinyata ta ce, "Kai, sannu, Mama. Wannan Allah ya tsare." Daga baya ta kama taɓarya ta ce sai ta yi daka. Ta bugi gefen turmi gero ya watse, kaji suka yo kanta.

"Bari, bari," in ji Inna. "Ke riƙe allura, mu riƙe taɓarya. In kin ƙara ɗaya, kaji za su ci liyafar ba baƙi ba."

Muka yi dariya har da hawaye. Na daɗe ban yi irinta ba, shi ya sa nake tuna ta.

Matan gari gaba ɗaya muna gidan Inna muna aikin abincin baƙi. Hoce muka yi, da kwaɗon zogale, da fura, ko da yake nono ya yi wuya tun da matan ruga suka daina shigowa. Saboda haka ba mace ko ɗaya a bayan gari. Mun ji usur daga dutse, mun ji waƙa, mun ji sara. Na ce wa Inna, "Kamar sara nake ji." Ta saurara, ta ce hala hanyar awaki suke gyarawa. Can muka ga hayaƙi ya tashi. Ta ce hala leda suke ƙonawa.

Sun sauko bayan azahar, jikinsu duk karce, hannuwansu da farin fenti. Suka ci suka sha, suka yi mana godiya. Aka ɗauki hoto, ni ina riƙe da ƙwaryar fura ina dariya. Auta ya matso kusa da ni, fuskarsa sai sheƙi take.

"Uwargida, yau na yi miki abin da yayana bai taɓa yi miki ba. Ɗauko mayafi ki gani. Inna, ke ma taho."

Tun daga bakin gari na hango. Fari, fari, fari, kamar an jera ƙwai a jikin dutse. Kibiya ce aka zana da fenti, kowace tana nuna ta gaba, a kan duwatsun nan da muke takawa ba takalmi. Inda ƙasa take sun share, sun jera ƙananan duwatsu gefe da gefe, hanya ta fito sak kamar ta zuwa filin idi. Muka bi. Sarƙaƙiya babu. Sun sare ta tun daga gindi, sun ja ta gefe sun cinna mata wuta, tokar na ta hayaƙi. Bakin kogon a hangame. Daga inda nake tsaye ina ganin tulunmu. A samansa sun zana zagaye babba da harufan ƙungiyarsu a ciki.

"Yanzu ko da gudu kika taho da yara biyu, a tsaye za ki shiga," ya ce. "Ba mai ɓacewa. Ba ɗiyar da za ta rasa ido don ƙaya."

Inna ta matsa inda aka sare. Ta durƙusa ta taɓa kututturen, ruwansa na fita. Kaurinsa ya kai cinyata. Ta daɗe a haka. Sannan ta yi magana, ba ta ko dube shi ba.

"Wa kat tambaya?"

"Inna, alheri ne. Sai an tambaya?"

"Na ce wa kat tambaya."

"Da na tambaya, cewa za ku yi iskoki."

"Ni na ja ka ƙarƙashin ƙayar ga kana fitsarin tsoro. Ita ta rufe ka har ka girma ka iya riƙe adda."

Ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mata ba. Ya ce mutanen da ke kwana daji su tashi daji, wane rami ne ba su sani ba? Ya ce in ba su shigo ba, ba su ga dama ba ne, ba ƙaya ta hana su ba. Ya ce ga shi ma an yi sulhu. Ya ce mun saba da wahala har mun ɗauka ita ke tsaronmu. Sai ya juyo gare ni, yana neman in kama masa.

"Uwargida, ke faɗi gaskiya. Fuskar ɗiyar wa ta yage?"

Ina kallon kibiyoyin nan daga sama har bakin gari, ko baƙon da bai taɓa taka ƙasarmu ba zai iso ba tare da ya tambayi kowa ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ina zan kai su?" Ya ce su wa? Na ce, "Yarana. Ina zan kai su yanzu?" Ya nuna kogon da hannu, kamar ni ce ban gane ba.

Har yau ban san ko yana da gaskiya ba. Mai yiwuwa sun sani tun da can. Ba ni da wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne duk shigar da muka yi mun fito.

Ma'aikaciyar jinyar ta biyo mu a hankali da gwiwarta. Ta dubi fuskokinmu, ta leƙa ta ga tulu da tabarma, sai ta sa hannu a baki. Ta ja shugabansu gefe suka yi Turanci mai zafi. Ya zo ya ce mu yi haƙuri, ba su sani ba, an ce musu gyara muke so. Ya ce za su cire hotunan daga waya. Amma tun suna saman dutse suka aika, don can ne kawai ake samun sabis mai kyau. Kafin la'asar ɗan maƙwabciyarmu da ke Shinkafi ya bugo yana tambaya, wai ashe kogo gare mu.

Washegari mata muka fita da dutsen goge kaushi, da yashi, da ruwan toka. Fentin mai ne, ya shige jikin dutse. Ki goge har yatsu su yi jini, ya ɗan dusashe, in ya bushe ya dawo. Inda muka samu muka kankare kuma sai wurin ya yi fes, ya fi kibiyar fitowa. Sai muka kwaɓa kashin shanu da laka muka shafe su ɗaya bayan ɗaya. Muka watsa duwatsun da suka jera. Muka saro ƙayar magarya muka tara a bakin kogon. Amma busasshiyar ƙaya a tare, kowa ya gani ya san hannu ne ya tara ta. Shinge ne, kuma ba a yi wa wofi shinge.

Maigidana mutum ne mai shiru. Ya ce yaro ne, niyyarsa mai kyau ce, a bar wa Allah. Na ce niyya ba ta rufe bakin kogo. Ya ce in rage murya Inna na ji. A ranar ya san inda kogon yake, shi da duk mazan gari, abin da kakanninsu ba su sani ba.

Duk ranin nan ina fita bayan gari in duba dutse. In na je ɗiban ruwa sai na zaga ta can. Na fara neman wani wuri ni kaɗai. Na duba rumbun da aka daina sa hatsi. Na duba ramin da aka haƙi ƙasar gini. Na duba kwazazzabon da ruwa ya ci a kudu da dutsen. Kowanne sai na auna shi da jikina, in kwanta in ga ko ana hango ni. Wata rana wata tsohuwa ta same ni kwance a rami ta ɗauka farfaɗiya ce, ta zo tana yi mini addu'a, ban iya gaya mata ba.

Ruwan farko da ya sauka ya wanke kashin shanun tas. Na fito da safe ga kibiyoyi suna walƙiya kamar jiya aka zana. Muka sake shafewa, ruwa ya sake wankewa. Inna ta tara mata ta ce daga yau ba mai shiga kogon, kowace ta san inda za ta nufa. Wannan maganar ta fi mini ranar saran zafi. A da, wuri ɗaya muke gudu, in ɗanki ya faɗi wata za ta sura. Yanzu kowa tasa ta fisshe shi.

Sulhun ya watse ana cikin maimai, noma na biyu, gero bai wuce gwiwa ba, ba gonar da za ta ɓoye ko tunkiya. Da hantsi ne, ina wanke-wanke, aka yi ihu daga rijiya. Na juyo da yaron ƙirji, hannuna ya saba, na kama yarinya. A bakin gari ta fizge ta nufi dutse, hanyar da ta sani. Sai da na bi ta na ɗauke ta cak, tana cewa, "Ba nan ba ne, Umma, can ne." Na faɗa kwazazzabon nan da su biyu, na matsa jikin gaɓa inda saiwar wata geza ta fito, na kwanta a kansu. Ruwan jiya na nan a ƙasa, laka har kunne. Sama a buɗe. Ban taɓa sanin sama tana da faɗi haka ba.

Ta tsakanin saiwa ina ganin gindin dutsen. Babura biyu suka ɓalle daga sauran suka tsaya can. Ɗaya daga cikin mutanen ya tsaya a kan kibiyar farko, ya taɓa ta da bakin bindiga, ya ce wani abu, sauran suka yi dariya. Sannan suka hau. Ba sauri, ba waige. Suka ja ƙayar da muka tara da sanda suka jefar gefe. Na ji fashewar tulu, sannan ɗayan. Yaron ya fara motsi, na danna masa nono har na ji tsoron kada in toshe masa numfashi. Yarinyar kuwa idonta a buɗe cikin laka tana kallona, tabon nan ya cika da ƙasa.

Da ta kudu suka sauko da sun taka mu. Ta arewa suka sauka. Ba dabarata ba ce.

Ranar an tafi da shanu, an tafi da mutane, kowanne yana da masu kukansa. Daga gidanmu ba a taɓa kowa ba. Maƙwabciyata, wadda kullum gwiwarta ke gugar tawa a kogo, ta rasa inda za ta nufa, ta shige ƙarƙashin gado da 'ya'yanta. An same ta. Ta dawo bayan kaka, har yau ba ta cika magana ba.

Da la'asar maigidana ya same mu a kwazazzabon, don na kasa fitowa. Ya tsaya a kan gaɓa yana kallonmu cikin laka. Ya ce, "Tashi ki haɗa kaya."

Yanzu muna Kaura Namoda, ɗaki ɗaya a gidan haya, ta bayan tsohuwar tashar jirgi. Ma'aikaciyar jinyar ce ta samo mana, kusa da nata. In ta dawo daga aiki takan leƙo ta ce, "Mama, yaya yara?" Ba ta taɓa tada maganar dutse ba. Maigidana na dako a kasuwa, mutumin da rumbunsa ke kai shekara. In damina ta yi ya koma ya yi noma a tsorace. Inna ta ƙi tasowa, ta ce ita ta tsufa da gudu.

Mutane na cewa nan birni ne, in kwantar da hankali. Amma ranar da muka sauka, kafin in shimfiɗa tabarma sai da na zaga gidan. Ƙofa ɗaya ce. Katangar baya an dasa mata fasassun kwalabe. Ƙarƙashin gado bai isa mu uku ba. Akwai kwalbati a bakin titi, na leƙa, ana gani daga kowane gefe. Babura kuwa a Kaura ba su ƙarewa, kunnena ya gaji da tantancewa.

Ƙungiyar na nan. Ba su cika fita nesa ba yanzu, suna yashe kwata da dasa itace a makarantu, kuma ban ce ba su da amfani ba. Rannan wata 'yar gidan hayarmu ta nuna mini waya ta ce, "Wannan ba ke ba ce?" Ni ce, da ƙwaryar fura, haƙora waje. Na ce ta karanta mini abin da ke ƙasa. Wai matan ƙauye suna godiya bayan an gyara musu hanyar kogo mai tarihi. Na ce ta rufe.

Auta yakan zo mana ranar Juma'a. Ya daina ce mini uwargida, ni ma ba abin da nake ce masa sai sannu da zuwa. Wasa ya mutu tsakaninmu, kuma abin haushi ina kewarsa. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Sau ɗaya ya fara cewa ai ko ba fenti, sai ya dubi yarinyar ya haɗiye sauran. Amma na ji daga bakin Inna cewa duk zuwansa gida sai ya hau dutsen shi kaɗai, ba koriyar riga, ba usur. Wai kututturen ya tofo. Ya kewaye shi don awaki, yana kai masa ruwa a gorarsa ta hawan dutse.

Makon jiya ya zo, yana zaune bakin ƙofa yana shan ruwa, sai na ji bakina ya tambaya ban shirya ba.

"Ta kai ina?"

Ya gane sarƙaƙiyar nake nufi. Ya ajiye kofin, ya miƙa hannu ya nuna daidai gwiwarsa, sannan ya ɗan ƙara sama kaɗan don in ji daɗi.

"Tana yi, in sha Allahu. Har ƙaya gare ta, ta soke ni." Ya nuna mini yatsa.

'Yar farina na tsaye kusa da shi tana cin gyaɗa. Na dube ta, na dubi hannunsa. Kanta ya wuce shi nesa ba kusa ba. Ƙaninta ma, da jiya-jiya ya fara tafiya, ya wuce shi. Waccan da aka sare, Inna ta ce ko uwar mijinta a girme ta same ta.

Na ɗauki kofin na ce a gai da Inna. Sai wani babur ya shigo layinmu, na tsaya da kofin a hannu har ya wuce.